Ba Kambun Baka Ba Ne

Da kwamfuta ta fara ɗaukewa a Ƙofa cikin hunturu, tun kafin a kai ta wurin mai gyara a Kankiya an yanke hukunci: kambun baka ne. Alhali mai laifin yana cikin fankarta. Ƙurar Disamba da Janairu ke toshe kafofin shan iska, injin ya ɗau zafi, ya kashe kansa gudun ƙonewa. Wani zai ce ai kullum a lulluɓe take da zane. Madalla, in a kashe take. In tana aiki kuwa, hanci aka toshe mata, kamar masu ɗora ta kan katifa. A cire waya, a kakkaɓe fankar da busasshen buroshi. Ruwan tofi kuma mai ita ya shanye abinsa.