Ire-iren Masu Shirin Jarrabawar IELTS

Jarrabawar IELTS, wadda aka soma a 1989 domin auna Turancin waɗanda ba da shi suka tashi ba, sassa huɗu gare ta, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma makinta ba ya wuce 9. Amma masu shirinta sun fi sassanta yawan iri.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Mahaddaci, wanda ya haddace muƙala guda kan gurɓatar muhalli, ya kuma ɗaura aniyar cewa ko kan wasan yara aka tambaye shi, sai ya bi da yaran ta ƙofar masana'anta mai hayaƙi, alhali masu duba takardu an horar da su kan gane hadda. Ɗan'uwansa shi ne Mai Dogon Turanci, wanda yake ganin ƙasƙanci ne ɗan boko ya ce abu ya ƙaru, saboda haka daga minti 60 na rubutu, inda ake son aƙalla kalma 150 a aikin farko da 250 a na biyu, yakan ɓatar da rabi yana laluben kalma mai gaɓa biyar da shi kansa bai tabbatar da ma'anarta ba.

Mai Lafazi kuwa fina-finan Amurka ne makarantarsa, ta hanci yake magana, ko da yake jarrabawar ba ta hukunta kowa don karin harshen garinsu muddin ana fahimtarsa. Idan aka miƙa masa katin maudu'i, aka ba shi minti ɗaya ya shirya, biyu ya yi bayani, yakan ƙare zance tun bai yi nisa ba, sauran lokacin su yi ta kallon juna shi da mai jarrabawa.

Wanda ya fi ban tausayi, domin yana da ilimi, shi ne Mai Gardama. A sashen karatu akan nemi a faɗi ko zance gaskiya ne, ko ƙarya, ko kuwa ba a ambace shi a nassin ba, shi kuma ba ya yarda da na ukun, tunda shi ya san amsar ko marubucin bai faɗa ba. A sashen sauraro ma, inda sau ɗaya tak ake kunna murya, yana nan yana musu da tambaya ta 7 mai magana ya kai ta 12.

Akwai kuma Mai Tara Littattafai, wanda har yau na Cambridge ɗinsa suna cikin leda, ga shi kuwa ya riga ya sayi rigar sanyi ta zuwa Ingila.