Idan Akori-kura Ta Mutu a Jabo

Tsohuwar akori-kura ba ta mutuwa a bakin gareji. Sai ta sha lodin albasa za ta Tambuwal, ta iso Jabo rana tsaka, sannan ta yi tari biyu ta yi tsit. Kafin direba ya ɗaga bonet, masana sun kewaye ta.

Sarkin Tura ne ke fara isowa. "Ku tura ta, yanzu ta tashi!" Yana faɗa daga inuwar dogonyaro, hannu a aljihu. Turi maganin batir mai rauni ne, ita kuwa wannan injinta na juyawa lafiya, mai ne ba ya zuwa. Ko Jega aka kai ta da kafaɗa, haka za ta iso a mace.

Sai Dattijon Fijo, wanda bai yafe wa duniya ba tun da aka daina haɗa 504 a Kaduna. "Mu da munka tuƙa mota, injin ka tura mai, ba waya ba." Shawararsa galan a kan rufi da tiyo. Dabarar kafireto ce wannan. Ita kuwa wannan motar injekta ce, sai famfon lantarki ya turo mata mai da ƙarfi.

Mai Dutse ba ya dogon bayani, rarrafe yake yi ƙarƙashin mota ya ƙwanƙwasa tanki. Abin haushin, wani lokaci takan tashi, domin idan gawayin cikin famfon ya cinye, girgiza kan sa ya sake taɓawa na ɗan lokaci. Sau ɗaya ta taɓa yi masa haka, shekaru ke nan, kuma har yau a kan wannan nasarar yake cin goro.

Wanda nake tsoro shi ne Mai Takardar Taba. Da ya ga fiyus ya ƙone, sai ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ya mayar. Fiyus fa mai gadi ne, yana ƙonewa don kada waya ta kama. Mutumin nan ya ɗaure bakin mai gadi saboda ya yi ihun ɓarawo, kuma wayar da za ta yi zafin kan tankin fetur ta bi.

Shi direba rantsuwa ce aikinsa: "Wallahi lahiya lau munka taso!" Ba zai faɗa maka cewa tun 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin mai, kwalba-kwalba yake saye wajen 'yan bumburutu ba. Famfon a cikin tanki yake zaune, fetur ke sanyaya shi. Ga shi kullum tankin kusan babu mai, sai ya yi ta aiki da zafi, yana zuƙar dattin man kwalba. Kusa da direban kuma akwai wani da ƙaninsa ke sayar da kayan mota a Sakkwato, shi ya yanke hukunci tun daga nesa: famfo ne, a kawo kuɗi.

Can sai ga yaron rewaya, da ƙwan fitila mai waya biyu. Abu ɗaya ya roƙa, wanda ya fi komai wuya a wurin: "Baba, ku ɗan yi shiru." Ya kara kunne a bakin tanki, aka murɗa makulli, bai ji ɗan gurnanin famfo ba. Fiyus lafiya. Ya musanya rile da na hon, shiru. Ya shiga ƙarƙashi ya taɓa soket, ƙwai ya kama, wato wutar batir mai bolt 12 tana isowa, hanyar komawa ce babu. Wayar at, wato hanyar komawar, ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ya kwance, ya goge da samfefa, ya ɗaure.

Bugu ɗaya ta tashi. Mai Dutse ya ce dukansa ne ya yi aiki a makare. Sarkin Tura ya riga ya haye gidan gaba. Direba ya ciro kuɗi, ya dubi yaron, ya mayar da rabi aljihu.

"To kai mi ka yi? Waya guda ka goge!"