Ranar da Na Kai Mai Lafiya Asibiti

A watan Agusta sauron Talata Mafara ba ya jin kunyar kowa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 muka samu shinkafar rani, muka kuma samu maƙwabta masu waƙa a kunne, waɗanda damina ke ninka yawansu. A irin wannan lokaci ne uwargida ta tafi Maradun sunan ɗan ƙanwarta, ta bar mini tagwayenmu, Hasan da Husaini, 'yan shekara uku ba wata biyu. Saboda tsabar yarda da ni, sai da ta sa aka ɗauko Inna daga Bakura kafin ta hau mota.

A bakin ƙofa ta yi mini lacca: mai koriyar riga Husaini, mai shuɗiya Hasan. Na ce mata ni fa malamin firamare ne, aji guda nake riƙe wa suna a ka, 'ya'yan da na haifa ne za su gagare ni? Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mayafi.

Daren Litinin jikin Husaini ya yi zafi rau. Kafin hantsi gida ya cika da likitoci. Inna ta taɓa goshinsa ta yanke hukunci: "Haƙori na." Yaron da jiya-jiya ya tauna ƙashin kaza har ya nemi ƙari! Maƙwabciyarmu ta buɗe masa ido ta ce shawara ce. Mai shayin bakin layi, wanda ko ganin yaron bai yi ba, ya aiko a ce mini taifot ne. Wani dattijo kuwa ya ja ni gefe bayan sallar asuba ya ce sha'anin tagwaye sai a hankali, wataƙila ɗan'uwan ne ya yi fushi da shi, in ma gode Allah da ba kunama ya turo ba.

Inna ta riga ta ɗora tukunyar ganyen dogon yaro, tana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na nemi uwargida a waya, layi ya ƙi shiga, har na fara zargin an sake rufe layukan Zamfara irin na Satumban 2021. Sai na ce to, yau zan nuna ni ne maigida. Na leƙa tsakar gida, na ga mai koriyar riga kwance shiru a kan tabarma. Na saɓa shi a kafaɗa, na ɗora a tankin mashin, ina jin Inna daga ɗaki tana kira, "Kai wanga! Tsaya!" Na ce a raina, surace dai ba za a yi wa ɗana ba.

Ranar Talata ce, ranar da garin ya samo sunansa, kasuwa ta ci ta batse har kan titin Gusau zuwa Sakkwato. Motocin hatsi, amalanken shanu, 'yan kabu-kabu, kowa na neman hanya. Muna cikin cunkoso na taɓa wuyan yaro, na ji sanyi ƙalau. Na ce ikon Allah, iskar mashin ma magani ce. Ya nuna mai ƙosai, na saya, ya cinye. Ya nuna lemu, ya shanye. Ya nuna alewa. Ni kuwa sai hamdala nake, mara lafiya ya samu bakin cin abinci.

Likitan gidanmu mutum ne mai sanyin magana, wanda ya san tarin kowa a gidan tun kan a haifi yaran nan. Bayan dogon layi na mata masu goyo, ni kaɗai namiji a kan benci, aka kira mu.

"Baban biyu, yau kai da kanka? Ina Hajiyar?"

Na ce tana Maradun, amma komai na hannuna. Sai ya fara tambaya. Yaushe zazzaɓin ya fara, da dare ya fi tashi ko da rana? Ya yi amai? Sau nawa ya yi bayan gida, kuma yaya kalarsa? Na ce, "Likita, ban leƙa ba." Ina katin rigakafi, an yi masa allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata goma sha biyar? Na ce katin na cikin akwati, makullin na Maradun. Masu rabon maganin zazzaɓin damina gida-gida, wanda ake ba 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar duk wata, sun zo? Sun zo. Sun ba shi na ranar farko a gabansu, to na rana ta biyu da ta uku da suka bari a hannunku fa? Nan na fara nazarin silin ɗakin.

Ya tambaya ko ya yi jijjiga, ko kuma ana niƙa dutsen zinari a kusa da mu. Ya ce tun 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba ya barin wannan tambaya. Na ce, "Likita, zinarin gidana 'yan kunnen uwargida ne, su ma ruwa aka yi musu."

Aka sa ma'aunin zafi a hammata: 36.8. Aka soki yatsa, yaro ya tsala ihun da ya tayar da jariran benci, aka ɗiga jinin a 'yar farar robar gwaji. Bayan minti goma sha biyar layi ɗaya ya fito, ba zazzaɓin sauro. Mara lafiyata kuwa ya sauko ya kama igiyar abin awon ƙirji yana lilo da ita. Likita ya cire tabarau, ya jawo shi, ya ɗaga gashin girarsa ta hagu, ya daɗe yana kallon wani ɗan tabo.

"Malam, wannan ɗinkin ni na yi shi bara. Wa ka ce ba shi da lafiya?"

"Husaini."

"To ina Husainin?"

Ya sunkuya ya tambayi yaro sunansa. Ɗan nema ya buɗe baki cike da alewa ya ce, "Hacan."

Ni dai har gobe ina kan bakana: koriyar riga aka ce, koriyar riga na kawo. Inna ce ta yi musu wanka da duku-duku ta zura wa kowa abin da hannunta ya kai.

Yadda na keta kasuwar nan a komowa, 'yan kabu-kabu ma sai da suka ba ni hanya. Na tarar da Inna a zaure, Husaini a bayanta cikin shuɗiyar riga, jiki kamar garwashi. Ta ce, "Mi ag gaggawa? Ina kiran ka kana gudu da mai lahiya!" Muka ɗunguma mu uku, ita a baya tana salati duk ramin da muka faɗa.

Wannan karon layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Aka ɗora shi a sikeli, aka ba da magani daidai nauyinsa: safe da yamma, kwana uku, sha shida, da madara ko abinci mai maiƙo, kuma ko ya tashi yana tsalle a rana ta biyu sai an ƙarasa. Likita ya juya ga Inna da ladabi ya ce, "Inna, haƙori kan sa ƙaiƙayin dadashi da dalalar miyau, amma ba ya kawo zafi irin wannan. In kin ga yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya yi jijjiga, ko tsakar dare ne a kawo shi." Inna ta ce ta ji, amma dai haƙorin ma a riƙa duba shi. Ragowar maganin damina kuwa, daga baya aka same shi lafiya lau a aljihun rigata ta Juma'a, kuma ana kan binciken wanda ya sa shi a ciki.

Husaini ya warware kafin uwargida ta dawo, amma labari ya riga ta shiga gari, don matan benci ba su yi mini rowar yaɗa shi ba. Na biya kuɗin kati biyu, gwaji biyu, ƙosai, lemu da alewa. Yanzu matsalar da ta rage Hasan ce. Da ya ji na tayar da mashin sai ya rugo, ya langaɓar da wuya, ya dafe ciki da hannu biyu ya ce, "Baba, kaina ciwo."