Ƙafar Peugeot a Jikin Golf

Golf ɗina mai dogon baya, wadda ake kira Golf 3, ta girmi babban ɗana. Jamusawa sun ƙera ta don ta ɗauki mutum biyar da 'yan jakunkunansu, amma tun da ta faɗo hannuna sana'arta biyu ce: da safe ta kai ni makarantar firamaren da nake koyar da lissafi a Kura, da rani kuma ta yi dakon taki zuwa gonata da ke wajen Bunkure, ta dawo da kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan. Ba ta taɓa kawo ƙara ba. Aibinta ɗaya, baƙaƙen wilinta na ƙarfe da tsatsa ta cinye, waɗanda ko an wanke motar sai ta yi kama da wadda ba a wanke ba.

Ana nan sai injin 406 ɗin yayan uwargida ya buga, aka yanka motar aka sayar gunduwa-gunduwa. Ya turo mini wilinta huɗu na alminiyon, masu ƙyalli, da tayoyinsu da notinansu a leda, kyauta. Na durƙusa na ƙirga ramukan: huɗu. Na leƙa na Golf: huɗu. Ko ɗan aji ɗaya ya san lissafi ya fita.

Mai facin bakin titin Zariya bai yi mini gardama ba. Ya ɗaga motar da jak, ya kara wilin. Noti na farko ya shiga. Na biyu ya leƙa ramin da rabin ido. Sauran biyun ko gaisawa ba su yi da nasu ba.

"Malam, ba ƙafarta ba ce," in ji shi.

A nan, gaban yaransa, mutumin da bai gama firamare ba ya ba ni darasin da'ira. In ka zana da'irar da ta bi ta tsakiyar ramukan, faɗinta a Golf milimita 100 ne, a 406 kuwa 108. Ramin tsakiya ma daban, na Golf 57.1, na Peugeot 65.1. Kowane kamfani da nasa taurin kan: tsohuwar 504 huɗu ce a kan 140, Mercedes biyar a kan 112, Camry da Accord biyar a kan 114.3, Hilux shida a kan 139.7. Milimita takwas kacal ke tsakanina da mutunci a idon jama'a.

Da yamma majalisarmu ta zauna a kan batun. Wani ya ce a goge ramukan da magagari su yi tsawo. Wani ya ce a karkata notin a danna da ƙarfi, ai ƙarfe ne, zai bi. A matsayina na ɗan boko na yi watsi da duka biyun. Sai wani direban haya ya kawo zancen adafta: faifai mai rami takwas, huɗu a ɗaure shi da su a jikin mota, huɗu a ɗaure sabon wili a jikinsa. Na ce yanzu aka yi magana.

A kasuwar Ƙofar Ruwa na ga na kamfani, na riƙe shi a hannu. Alminiyon ne mai ƙarfi, kaurinsa ya kai milimita 20 ko 25, yana da ɗan leɓe a tsakiya da ke shiga ramin wili cif, ya tsayar da shi a saiti. Sai dai kuɗin guda huɗu ya kusa sayen wili huɗu na Golf ɗin kanta, masu kyau. Mai shagon ma da bakinsa ya faɗa mini haka. Na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, na yi masa godiya, na nufi wani mai injin sassaƙa ƙarfe a wani lungu. Shi kam bai ɓata mini lokaci ba. Ya yanko faifai huɗu daga wani farantin ƙarfe, ya huda, ya yi musu zare daidai da notinan Peugeot da na kawo. Da na tambaye shi leɓen tsakiya sai ya ce, "Wannan ado ne, Malam. Noti ke riƙe mota."

Ga yadda masu abin ke yi. A kankare tsatsar fuskar da faifan zai zauna, a ɗaure kowane noti da sifana mai ma'auni, a Golf irin tawa wajen 110 a ma'aunin Nm, sannan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a cire taya a sake duba na cikin. A Jamus ma ba ka isa ka hau titi da faifan da ba shi da takardar gwaji ba, masu binciken mota na TÜV za su tambaye ka. Mu namu ma'aunin shi ne nauyin yaron mai faci, wanda ke hawa kan sifana ya yi tsalle, don haka ƙarfin ɗaurin ya danganta da ko ya karya kumallo. Na waje sun sha tsalle sosai. Na cikin kuwa, da yake a nutse suke cikin ƙananan ramuka kuma kan babbar sifanar ya ƙi shiga, da wata 'yar siririya ya murɗa su, da hannu ɗaya, yana amsa waya da ɗayan. Aka kifa wili a kansu, suka ɓace daga idon duniya.

Gaskiya motar ta yi kyau. Ranar Juma'a da gangan na ajiye ta kusa da ƙofar masallaci. Uwargida ce kaɗai ta ƙi yabawa, ta ce ƙafafun sun buɗe kamar na agwagwa. Tana da 'yar hujja, domin faifan ya turo kowace taya waje. Da na ɗora buhunan taki, bayan motar ya zauna, taya ta fara gugar bakin madugadi, ƙaurin roba ya cika ciki. Mai gyaran bodi ya daddaki bakin da guduma har ya lanƙwashe. Bakanike kuma ya ce taya in ta yi nesa da mazauninta boris ne ke shan wahala. Na ce boris ya yi haƙuri.

Ranar da abin ya faru tun asuba muka loda tumatir, nawa da na Kawu, maƙwabcina a gona, dattijon da ya fara noman rani tun ruwan Tiga na sabon zuwa, bayan an gama madatsar a 1974 zamanin Audu Bako. Muka hau hanyar bakin kanal, jar ƙasa mai gargada da motocin shinkafa suka gama cinyewa. Ba mu yi nisa ba sai ga ƙara daga baya, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Malam, motarka na magana," in ji Kawu.

Na tsaya, na ɗauko sifana, na zagaya tayoyin huɗu. Kowane noti gam, ko motsi. Na ce, "Kawu, kwandunan ne ke gugar juna." Ya ce to, Allah ya sa.

Muna gab da wani kwalbati sai bayan motar ya durƙusa ta gefen ruwa, ƙarfe ya ja ƙasa, ƙura ta tashi. Kafin in gama salati wani abu mai ƙyalli ya wuce mu a guje ta gefen taga. Kawu ya bi shi da kallo, a natse, ya ce, "Wancan da ya yi gaba, ba naka ba ne?" Tayar ta hau tudu, ta ɗan yi shawara, ta gangara cikin kanal. Ruwa ya ɗauke ta, rabi a nutse, ta kama hanyar gonakin mutane tana juyi. Kwando biyu na kan rufi su ma suka sauka ba sallama.

Yaran da ke wanka a wajen wata ƙofar raba ruwa ne suka kamo ta, kuma sai da muka yi ciniki kafin su sake ta. Suka mirgino ta tana ɗiga, faifan na manne a bayanta, notinan waje huɗu na nan daram. Na nuna wa Kawu, don ya shaida cewa binciken da na yi daidai ne. Bai ce komai ba, yana tsince tumatirinsa daga cikin ƙasa. Na cikin ne suka yi aika-aikar: biyu sun kwance, biyu sun karye sun bar guntayensu a rami.

Ina da tsohuwar safaya ta Golf, kuma kowane direba ya san dabarar aro noti ɗaya-ɗaya daga sauran tayoyin. Na ciro, na murɗa, ya ƙi. Zaren notin Peugeot 1.25 ne, na Golf 1.5. Notinan Golf na asali suna gida cikin gwangwanin madara, inda na adana su don kada su ɓata.

A-kori-kura ce ta kwashi kayan bayan rana ta take. Muka tarar manyan motocin Legas sun gama lodi, dillali ya taɓa tumatirin da ya sha rana da faɗuwa, ya faɗi kuɗin da Kawu ya ji sai ya nemi wurin zama. Mai sassaƙa ya ce laifin mai faci ne. Mai faci ya ce faifan ne ba saiti. Yayan uwargida ya ce shi wili ya ba ni, bai ba ni shawara ba. Majalisa ta yanke hukunci cewa tsautsayi ne.

Ni dai har gobe ban ce adafta haramun ba ce. Mai faifan kamfani, mai sifanar ma'auni, wanda motarsa ba ta sauka daga kwalta kuma ba ya ƙyashin cire taya ya duba abin da ke bayanta, ya sa abinsa lafiya. Amma motar da ke ɗaukar kwando takwas a bakin kanal, a bar ta da ƙafar da aka haife ta da ita. Golf ta koma kan baƙaƙen wilinta. Mai 406 da ke karanta wannan, akwai wili huɗu na sayarwa a Kura, uku lafiyayyu, ɗaya ya ɗan sha ruwa. Faifai kyauta ne ga wanda ya saya.