Ƙanwata, Kafin Ki Buɗe Shagon Gyaran Amare

An ce min kin gama koyon dilka da halawa a hannun wata Bashuwa a Maiduguri, har kin sayo madubi mai fitila. Madalla, Allah ya sa albarka. Ajiye wayar nan ki saurare ni.

Ranar da kika buɗe shago za ki ga dangin da ba ki san kina da su ba. Gwaggon da rabonki da ita tun ranar sunanki za ta turo 'yan mata uku a zana musu lalle, don "ai ɗiyarmu ce". Ki tarbe su da fara'a, ki ba su ruwan sanyi, sannan ki nuna musu takardar farashin da kika liƙa a bango da manyan baƙaƙe. Takarda ba ta jin nauyin kowa, ke ce mai ji. In kina son yin alheri, ki ware wa zumunci rana ɗaya a wata, ki rubuta a littafi ki san abin da ya ci.

Amarya kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Za ta biya kuɗin fuska ɗaya, ƙawaye tara su biyo ta, kowacce tana cewa "Anti, ɗan shafa min hoda kawai". Hodar nan ba daga rijiya kika ɗebo ta ba. Tun ranar sa rana ki ƙirga fuskoki, ki karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Idan an ce an tura, kada ki yarda da hoton da aka nuna miki, sai kuɗin sun sauka a asusunki.

Sana'ar nan tana da damina da rani. Makonnin da ke gaban azumi biki sai ya so ya karya miki ƙugu, jajiberin sallah ki kai asuba kina zane, sannan a yi tsit. Ki shiga adashe tun ana samu, ki kuma riƙa haɗa humra da turaren wuta. Kayan haɗi suna nan a Kasuwar Kurmi, kuma ƙamshi ba ya jiran biki.

Ga inda nake so ki buɗe kunne sosai. Wata uwar amarya za ta zo da kuɗi a jaka, ta ce cikin kwana bakwai ki mayar mata da 'yarta fara tas, yadda ko ango sai ya nemi shaida. Ki ce a'a. Hukumar NAFDAC ta haramta man shafawa mai sinadarin makuri, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin annobar da ke buƙatar matakin gaggawa. Haɗe-haɗen bilicin nan suna ƙona fata, suna taɓa ƙoda. Haka baƙin lallen da ake zuba wa rinin gashi, yakan tashi fata ta yi ƙuraje. Kowane lalle, ki fara gwada shi a ɗan wuri a hannu, ki jira kwana biyu.

Ki yi wa sunan shagonki rajista a hukumar CAC kafin wata ta riga ki. Hoton da za ki sa a Instagram kuma ya zama aikin hannunki ne, da izinin mai fuskar.

Ƙanwata, fatar 'yar mutane aka damƙa miki. Don Allah ki mayar da ita gida lafiya.