Rediyon Baby Boy Da Waƙoƙin Shata

Motata Honda Accord ce ƙirar 2002, wadda dillalai ke kira Baby Boy. Sunan dai na jariri ne, amma ranar da ta shigo hannuna ta kai shekarun zana jarrabawar WAEC. Daga Amurka ta fito, kuma rediyonta na kamfani yana nan daram ba a taɓa shi ba: ga wurin kaset, ga bakin da ke haɗiye faifan CD har shida, ga maɓallan tasha daga 1 zuwa 6. Dillalin ya buga ƙirji ya ce irin wannan rediyon ko a gidan gwamna sai an tona. Ya ma ƙara mini da kyauta, domin mai motar na farko ya manta faifai guda a ciki. Wani Bature ne da jita yana rera kuka, da alama matarsa ce ta yi yaji.

Ni kuwa ina da ɗan MP ɗina, ƙarami, yana ɓacewa a tafin hannu. Na kai shi wurin masu tura waƙa a Farm Centre aka cika mini shi da abin da raina ke so: Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan Maraya Jos, sai karatun Minshawi saboda safiya. Burina bai taka kara ya karya ba. Ina so in hau titin Zariya da yamma, iska na kaɗawa, kalangun Shata na fita ta sifikun nan na ƙofa.

Sai na nemi inda zan soka waya na rasa. Na duba gaba, na leƙa ƙarƙashi, na buɗe aljihun mota, har da haska tocila. Babu rami ko ɗaya. Dalilin kuwa a fili yake. Wannan samfurin tun 1997 ya fara fita, shi kuwa iPod, kakan duk waɗannan 'yan na'urori a idon duniya, sai a watan Oktoban 2001 kamfanin Apple ya fito da shi. Injiniyoyin da suka zana rediyon nan sun tashi aiki sun tafi gida tun kafin kowa ya yi tunanin wani bawan Allah a Kano zai zo da waƙa dubu a aljihun kaftani.

Wani maƙwabcina ya ce ai abu ne mai sauƙi, a kwafe waƙoƙin a faifai. Yaron shagon kwamfuta ya danna mini fiye da waƙa ɗari a faifai guda, ina ta sa masa albarka. Rediyo ya haɗiye faifan, ya yi ɗan nazari, ya tofo shi. Shi faifan sauti na asali ya sani, mai ɗaukar minti 80 in ya yi yawa, bai san wani abu MP3 ba. Minti 80 kuwa a wurin Shata ai gaisuwa ce.

Daga nan aka nuna mini kaset mai jela. Kaset ne sak, irin wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, sai dai babu zare a cikinsa, kuma wata siririyar waya ta fito daga gefensa da ɗan kan da ake sokawa a wurin abin sauraro na kunne. Dabarar ta burge ni ƙwarai. A inda zare ya kamata ya wuce an dasa wani ɗan kai na maganaɗisu, shi ke manne wa kan da ke karanta kaset a cikin rediyo yana raɗa masa waƙar. Sauran 'yan haƙoran roba da ke ciki aikinsu yaudara ce kawai, su riƙa juyawa don rediyo ya zaci zare na tafiya.

Na tura shi, na kunna, sai ga Shata ya cika mota. Wallahi har na ji ƙwalla. Ban kai ga shataletalen Ɗangi ba na ji ƙaras! Waƙa ta ɗauke. Ƙaras! Ta dawo. Rediyon irin mai juya kaset da kansa ne, da ya ji ɗan tauri sai ya ɗauka zare ya ƙare, ya koma ɗaya gefen, can ma ya ji tauri ya dawo. Shata ya ɗauko baiti, ƙaras, sai a tsinci 'yan amshi a tsakiyar hanya. A ƙarshe rediyo ya gaji da rainin hankali ya tofo kaset ɗin a cinyata. Na jefa shi aljihun mota na rufe.

Mai kayan lantarki a Sabon Gari ya yi mini dariya. "Alhaji, wa ke ta kaset yanzu? Ga modileta." Wani ɗan abu ne da ake cusawa a ramin kunna sigari. Ka haɗa shi da MP, sai ya zama ƙaramin gidan rediyo mai watsa shiri iya tsawon mota biyu ko uku, kai kuma ka kamo tasharka a rediyon motarka. Wato na zama mai gidan rediyo, ni ne manaja, ni ne mai gabatarwa, ni ne mai sauraro.

Na saita tashata a kan 88.0, lamba mai kyau da sauƙin riƙewa. Na murɗa rediyo: 87.9, sai 88.1. Na dawo baya: 88.1, sai 87.9. Na yi a hankali yadda ba zai farga ba, ya sake tsallakewa. Ashe rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka haka yake tafiya, 88.1, 88.3, 88.5, domin haka aka raba tashoshin FM a can. Duk abin da ya faɗa tsakani bai san da zamansa ba. Allah Ya taimake ni Freedom tana kan 99.5, Arewa tana kan 93.1, da ko labarai ba zan ji ba.

Na bi shi yadda yake so. Saura neman gurbin da babu kowa, wanda a Kano ya fi neman wurin ajiye mota a Kantin Kwari wuya. Ko'ina ka tsaya akwai mai tallan maganin basir, ko sojojin baka suna yaga ɗan adawa. Na dai samu wani ɗan lungu a can ƙasa. Sauti yana fita, amma da wata 'yar ƙara a bayansa kamar ana suyar awara a kujerar baya. Na ce wannan mai sauƙi ce, Shata ma a cikin hayaniyar biki ya saba waƙa.

Ana haka ɗaurin aure ya taso a Bichi, aka ce ni zan ɗauki surukina. Baba dattijo ne mai tsare gida, tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba, kuma ban taɓa zama kusa da shi na fiye da tsawon gaisuwa ba. Na wanke mota, na fesa turare, na zaɓo karatun Minshawi na saita tun daga gida. Ya shigo ya zauna a gaba, ya ji karatu, ya gyaɗa kai ya ciro carbi. Na ce a raina yau na ci jarrabawa.

A Kurna muka tarar da cunkoso. Wata Golf ta haya ta matso ta gefen Baba har madubi na gogar madubi. Karatu ya ɗan yi rawa, suyar awara ta ƙaru, sai kawai wani kiɗa ya fashe a motata. Wani yaro ne da muryar kwamfuta yana rantsuwa in ba a ba shi wata yarinya ba gawarsa za a ɗauka, ita kuma tana amsa masa da abin da ba zan iya maimaitawa a takarda ba.

Direban Golf ɗin ma yana da modileta, kuma lungun da na samu shi ma nan ya samu. Haka FM yake, in tasha biyu suka haɗu a lamba ɗaya ba ya raba musu, wadda ta fi ƙarfi ita ke kwashe rediyon gaba ɗaya. Eriyar motata a gilashin baya take, Golf kuwa ta tsaya daidai inda nasa ya fi nawa ƙarfi.

Carbin Baba bai tsaya ba. Bai ko juyo ba. Can ya ce, "Malam Habu, wannan ma Minshawin ne?"

Na kai hannu in kashe, hannu na rawa, na danna CD. Bature ya ɗauko kukan matarsa daga inda ya tsaya. Na sake dannawa, muka koma wurin mai shirin mutuwa. Layi ya ɗan motsa na tura mota gaba, Minshawi ya dawo, na waiga na hangi direban Golf yana dukan rediyonsa da tafin hannu, fasinjojinsa mata suna gyara mayafi, da alama karatun ya koma can. Haka muka yi ta musayar shirye-shirye har muka fita daga cunkoson. Baba ya ce, "Bar mana shirun, ya fi." Shirun muka saurara har Bichi, shi muka sauraro har gida. Da daddare uwargida ta dawo daga gidansu tana ƙunshe dariya, wai Baba ya ce ashe mijinta mutum ne mai son nishaɗi.

Washegari na nufi wurin wani mai wayarin a bayan Ƙofar Ruwa, wanda aka ce ko jirgin sama aka kawo masa zai haɗa. Ya saurare ni yana sakace.

"Yallaɓai, duk wahalar banza ka sha. Ciki za mu shiga. Mu jona waya kai tsaye a layin kaset, ka samu ramin da kake nema."

"Injiniya, ba za a taɓa wani abu ba dai?"

"Haba Yallaɓai. Je ka yi salla ka dawo."

Na dawo na tarar da gaban motata a zube a kan tabarma. Ya cire kan batir, wanda daidai ne ga mai aikin wuta, ya yi jone-jonensa da dalma, ya mayar da komai, sukurori biyu suka yi saura ya ce dama na ado ne. Aka mayar da batir, aka murɗa makulli. Rediyo ya kawo haske ya rubuta kalma ɗaya: CODE.

Wannan kariya ce daga ɓarayi. Da zarar wuta ta yanke wa rediyon, sai ya ɗauka an sace shi, ba zai ƙara cewa uffan ba sai an danna masa lambobinsa biyar na sirri. Injiniya ya ce in kwantar da hankalina, ya san lambobin Honda. Ya danna 12345. Ya danna 11111. Ya tambaye ni shekarar haihuwata, na faɗa, ya nemi 9 ya rasa, tunda maɓallan daga 1 zuwa 6 suka tsaya. Da ya cika kuskure goma rediyo ya kulle bakinsa gaba ɗaya, sai an bar shi a kunne awa guda kafin ya sake sauraron kowa. Ina zaune a kan benci na buga lissafi a waya: lambobi biyar daga maɓalli shida, hanyoyi 7,776 ke nan. Goma a kowace awa, ba barci ba salla, wata guda da 'yan kwanaki. Na gaya wa Injiniya, ya ce in Allah Ya sa da rabo ai ba za a kai ƙarshe ba.

Wani mai sayar da fitilun mota ya ce a danne 1 da 6 a kunna, lambar jikin rediyon za ta fito, a kai ta shafin kamfani a intanet. Ta fito kuwa. Shafin ya nemi lambar jikin mota, na bayar, sannan ya nemi lambar unguwata ta gidan waya a Amurka. Ni da ko Legas sai da dalili.

Na yi kwanaki ina yawo a mota shiru, ba Shata, ba labarai, har Baturen nan na fara kewa. Ranar da taya ta yi faci, mai faci ya ɗaga shimfiɗar but zai ciro safaya, sai ga littafin motar a naɗe cikin leda. A bangon ciki mai motar na farko ya rubuta lambobi biyar da biro. Allah Ya saka masa da alheri, shi kuma Baturen cikin faifai Ya dawo masa da matarsa.

Rediyo ya buɗe. Na soka MP a sabon ramin Injiniya, sauti ya fito tas, babu suya. Na yi hamdala. Da cajin MP ya yi ƙasa na jona shi a ramin sigari, sai wani siririn fito ya shigo cikin waƙar. In na taka totur ya hau sama, in na saki ya sauko, in na canza giya ya canza murya. Ƙarar altaneta ce ke biyo waya, saboda na'urar ta samu hanya biyu zuwa jikin mota, ta caja da ta sauti. Ga shi kuma sifikun hagu sun daina magana, kuma duk lokacin da na kunna sigina Ɗanƙwairo sai ya yi shaƙuwa.

Na koma. Injiniya ba ya nan, wai ya tafi ta'aziyya, sai ɗan koyonsa, yaron da bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Ya buɗe aljihun mota neman fis, ya ci karo da kaset mai jela.

"Baba, me ya samu wannan?"

Na ba shi labarin ƙaras-ƙaras. Ya kwance 'yan sukurorin kaset ɗin, ya sa tsinke ya ƙwaƙulo wani ɗan haƙori da aka sa don ya hana shi juyawa baya, wanda shi ne ke cijewa, ya yar a ƙasa, ya ɗaure. Sannan ya zare jonin maigidansa ya mayar da wayoyin yadda kamfani ya yi su, ba tare da ya taɓa batir ba. Ya tura kaset. Shata ya ɗauko Bakandamiya ya kai ta har ƙarshe, sifiku huɗu na amsawa, rediyo bai ce ƙaras ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi nawa ne, ya ce in ba shi na ruwa. Na ba shi fiye da abin da na ba maigidansa, na ce kada ya faɗa.

Har yau da wannan kaset nake amfani, caji kuma a gida nake yi. Lambobin nan biyar na rubuta su a bangon ɗaki, a bayan katin aure, da kuma wurin uwargida. Modileta tana nan lafiya lau, duk mai so ya zo ya karɓa kyauta, da sharaɗin ba zai bi titin Katsina ranar da na ɗauko Baba ba.