Ire-iren Masu Karatun Babbaƙu

Babbaƙu su ne matakin farko a makarantar allo: haruffa 28 tsura, ba wasali, kafin a shiga farfaru. Yaro a ƙasar Sin sai ya san haruffa kamar 3,000 yake iya karanta jarida, kuma da hoto yake riƙe wasunsu: mutum a jikin itace, ma'anarsa hutawa. Malaman Hausa ma tuni suka raɗa wa haruffa sunayen kamanninsu, irin su ambaki, ɗa mai hannu da shin mai ruwa. Duk da wannan sauƙi, daga Sifawa ta ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, har garin Shagari, inda Shehu Shagari ya riƙe allo kafin bokon Yabo, kolaye iri-iri ne.

Mafi yawa shi ne aku. Muryarsa ta fi ta kowa a zaure, biyawarsa ba tuntuɓe, amma bakinsa yana kan zal, tsinkensa yana kan wau. Kunne ne ya yi haddar, ido bai san ana yi ba. Ana gane shi idan malam ya kife allon: karatun ba ya tsayawa.

Sai mai rowar ɗigo. A wurinsa ba, ta da nun 'yan ɗaki ɗaya ne, kowa ya ari ɗigon ɗan'uwansa. A rubutun Warshu ɗigon fa yana ƙasa, na ƙaf ɗaya ne a sama. Shi kan ɗiga a tsakiya, malam ya zaɓa.

Akwai mai kai karatu ciki, wanda ya fi kowa ɗokin wanke allo, don ya ji an ce ruwan yana buɗe ƙwaƙwalwa. Leɓensa baƙi ƙirin, kansa fari fat.

Ɗan Asabar yana riƙe komai har ranar Laraba. Hutun Alhamis da Juma'a kan wanke masa kai fiye da yadda ake wanke allo, ya dawo yana duban alu kamar baƙon da ya sauka daga motar Yabo.

Mai zayyana ya fi kowa iya fiƙe alƙalamin gamba da dama tawada, harafinsa kamar na gwani, sunan harafin kuwa sai ya tambayi maƙwabci.

Na ƙarshe ɗan firamare ne mai zuwa da yamma. Daga hagu yake farawa, sai gardi ya ɗaga dorina hannun ya tuna dama.